SUNAN DA YA SHA YABO, YA SHA ZARGI

Ya 'yan'uwa, da wuya ka ji Kirista ya raɗa wa ɗansa suna Yahuza, ko da shi ke maƙwabtanmu Musulmi su kan sa shi har yau. Bari mu duba inda sunan nan ya fito, da abin da ya same shi.

1. Asalinsa. Lai'atu matar Yakubu ba ta sami ƙaunar mijinta ba, gama zuciyarsa tana wurin Rahila. Sa'anda ta haifi 'ya'ya uku na fari, ta sa musu sunaye masu nuna ɓacin ranta da begen mijinta ya juyo gare ta. Amma da ta haifi na huɗu, ta bar duban mijinta, ta yabi Ubangiji, ta kira yaron Yahuza (Farawa 29:35). Ma'anarsa da Ibrananci yabo ne.

2. Ɗaukakarsa. Daga kabilar Yahuza sarki Dawuda ya fito, daga cikinta kuma a ka haifi Mai Cetonmu. Kalman nan Yahudawa daga sunan ta samu. Wajen shekara 164 kafin haihuwar Almasihu, wani jarumi, Yahuza Makabi, ya ƙwace Haikalin Urushalima daga hannun mutanen sarki Antiyokus, ya tsarkake shi. Idin tunawa da wannan shi ne a ke ambata cikin Yohanna 10:22. A zamanin Yesu sunan ya cika gari. Cikin manzanni 12, biyu suna amsa shi. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan Yesu shi ma Yahuza ne. A gidan wani Yahuza na Dimashƙu Shawulu ya sauka sa'anda ya makance (Ayyukan Manzanni 9:11).

3. Faɗuwarsa. Mutum ɗaya, Yahuza Iskariyoti, ya ba da Ubangijinsa domin azurfa 30. Wake ɗaya ya ɓata gari. Ko Yohanna, sa'anda ya ke maganar ɗaya manzon, sai da ya bayyana ba Iskariyoti ya ke nufi ba (14:22). Cikin Helenanci sunan ɗaya ne, amma masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Turanci sun rubuta shi iri uku, na ɗan Yakubu dabam, na mai wasiƙa dabam, na maci amana dabam. Yawancin iyaye Kirista kuwa sun guje shi.

Me za mu koya? Kowace safiya uwar Iskariyoti ta kira shi da sunan yabo, amma sunan bai hana shi satar kuɗin jaka ba. Waɗansunmu suna tsammani in sun sa wa yaro Bulus ko Alheri, sun gama aikinsu. A'a, ran suna mafarin aiki ne. Ka zaɓi suna mai ma'ana, ka gaya wa yaron ma'anar sa'anda ya yi wayo, ka yi masa addu'a, ka goye shi cikin tsoron Allah. Kai kuma da ka ke amsa sunan Kirista, ka tuna halinka yana iya sa mutane su ƙaunaci sunan nan ko su ƙi shi.

Tambayoyi: Me ya sake cikin zuciyar Lai'atu a haihuwa ta huɗu? Ka san ma'anar sunanka? 'Ya'yanka sun san ma'anar nasu?