Darasi: Shin Igiyar Aure Tana Ƙetare Iyaka Tare Da Mai Ita?

 

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da ke wahalar da alƙalan duniya: idan aka ɗaura wa namiji da namiji, ko mace da mace, aure a ƙasar da dokarta ta yarda, sa'annan suka ƙaura zuwa ƙasar da ba ta yarda ba, mene ne matsayin takardarsu? Kada mai karatu ya ce babu ruwansa, domin ƙa'idar da ake hukunta su da ita, ita ce ake hukunta matafiyanmu da ita.

Hukuncin shari'a a sarari yake. A cikin Muhtasar, Shaihu Halilu ya ƙidaya rukunan aure huɗu: waliyyi, sadaki, siga, da mahalli, watau miji da mata waɗanda babu abin da ya haramta su ga juna. Inda babu mahalli babu aure, kuma mazhabobi huɗu ba su saɓa a kan haka ba. Saɓanin yana cikin dokokin ƙasashe ne. Holan ce ta fara halatta auren jinsi ɗaya a shekara ta 2001, Afirka ta Kudu ta bi a 2006, Faransa a 2013, Amurka kuwa a dukkan jihohinta a 2015.

Ƙa'idar da masana doka suka gada ita ce, auren da ya inganta a inda aka ƙulla shi ana karɓarsa a ko'ina, sai fa idan ya ci karo da tushen tsarin jama'ar ƙasar da aka sauka. Wannan togaciya ita ce mabuɗin darasin. Da ita Najeriya ta yi aiki a dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014, wadda ta ce takardar irin wannan aure da wata ƙasa ta bayar ɓatacciya ce a Najeriya, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla shi. A Nijar ma irin wannan takarda ba ta tabbatar da aure.

A Turai kuwa an ɗaure wa togaciyar hannu. Wani ɗan Romaniya mai suna Adrian Coman ya yi aure da wani Ba'amurke a birnin Burusel a 2010. Da suka nemi komawa gida, hukumomin Romaniya suka ƙi ba Ba'amurken izinin zama a matsayin abokin aure. A watan Yuni na 2018 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa dole a ba shi, saboda haƙƙin ɗan Tarayyar na yin ƙaura da iyalinsa, amma ba ta tilasta wa Romaniya ta riƙa ɗaura irin auren ba. A watan Nuwamba na 2025 kotun ta ƙara matsawa a kan Polan, ta ce wajibi ne ta amince da auren wasu ƴan ƙasarta biyu da aka ɗaura a Jamus. A lura da kyau: ɗaura aure daban, amincewa da wanda aka ɗaura a waje daban, ba da izinin zama kaɗai shi ma daban. Yawancin masu gardama a majalisa cakuɗa ukun nan suke yi.

To, ina abin ya same mu? Wuƙar nan baki biyu gare ta. Mutumin Maraɗi ko Damagaram mai mata biyu, aurensa ingantacce ne a shari'a da dokar ƙasarsa, amma tun dokar Faskuwa ta 1993 Faransa ba ta barin a shigo da mace ta biyu ta hanyar haɗa iyali, kuma tana iya janye takardar zaman wanda ya yi hakan. Hujjarsu ita ce dai waccan togaciya ta tsarin jama'a. Haka nan auren da aka ɗaura a masallaci a cikin Faransa ba shi da ƙima a gaban alƙali sai an yi na meri, kuma dokarsu ta ce na meri ne farko; limamin da ya mayar da saɓa wannan al'ada, ana iya hukunta shi.

Wanda ke shan wuyar wannan galibi mace ce. Miji ya rasu, ta je neman gado ko fansho, a tambaye ta takarda, ta ce shaidu suna nan da ransu, an raba goro. Alƙalin can bai san goro ba. Saboda haka duk mai niyyar ƙaura ya rubuta aurensa a meri tun yana gida, ya karɓi takardun haihuwar ƴaƴansa, ya kuma tambayi ofishin jakadancin ƙasar da ya nufa abin da suke karɓa, kafin ya sayar da gona ya sayi tikiti.

Wallahu a'alamu.