Mabuɗi da Amana: Kare Gudummawar Kuɗin Kirifto Daga Masu Tattara Ta

A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, ƙungiyar Feminist Coalition ta koma karɓar gudummawa da Bitcoin bayan an toshe mata hanyoyin banki. Ta riƙa wallafa lissafin abin da ya shigo da wanda ya fita. Duk da haka, a watan Maris na 2021 ce-ce-ku-ce ya ɓarke a Twitter kan wasu kuɗi da aka ga sun bar asusunta, har sai da ta fito ta yi bayani.

Wannan taƙaddama ta nuna iyakar kundin Bitcoin na bainar jama'a. Kowa zai iya ganin adadin da aka tura da lokacin turawa, amma kundin ba ya bayyana mai adireshin da ya karɓa, balle abin da aka saya bayan an canja kuɗin zuwa Naira. Abin da aka tura kuma ba ya dawowa.

Ke nan, tsaron yana ga mabuɗin sirri. Idan mutum ɗaya ke riƙe da shi, matsayinsa ɗaya da na uwar adashe, sai dai ita a unguwa take, an san ƙofar gidanta. Asusu mai buƙatar sa hannun mutane da dama, misali uku daga cikin biyar, yana rage wannan haɗari, matuƙar biyar ɗin ba 'yan ɗaki ɗaya ba ne. Ya kamata a sa mai binciken kuɗi daga waje da wakilin waɗanda aka tara dominsu, sannan a riƙa wallafa kowace rasit tare da lambar cinikin da ta biya ta.