Masauyin Giyar Gaba: Abin Yi da Abin Bari

Faranti biyu a gaba, babba mai haƙori 46 da ƙarami mai 30, ko 48 da 31, su ne gatan mai hawa tudu da kaya a bayan keke. Sai dai tazarar haƙori 16 ko 17 babban tsalle ne ga sarƙa, kuma ƙarfen da ke tunkuɗa ta daga wannan faranti zuwa wancan, wato masauyin gaba, ba ya yafe ganganci. A ganina, keken da ke yawan zubar da sarƙa tun a wajen sayen kaya aka cuce shi.

Ka ƙirga haƙora kafin ka taka kasuwa. Kowane masauyi yana da iyaka biyu: girman farantin da aka lanƙwasa kejinsa, wato ƙarfen da sarƙa ke ratsawa, dominsa, da tazarar da zai iya ɗauka tsakanin babba da ƙarami. Na kekunan tsere da Shimano ke ƙerawa galibi 16 ne, irin na 50 da 34. Masauyinsu RX810 na jerin GRX ya kai 17. In ka haɗa 46 da 26 tazara ta zama 20, sarƙa za ta riƙa gugar gindin keji duk lokacin da take kan ƙaramin faranti da ƙananan giyoyin baya. Babu sukurun da zai raba ka da wannan ƙara.

Kada ka ɗora kejin da aka yi wa faranti 53 a kan faranti 44 ka zaci ka gama. Goshinsa zai zauna kusa da haƙora, wutsiyarsa ta yi sama, sarƙa ta samu ƙofar ficewa. In ka ce za ka ƙara sauke shi, wutsiyar na iya dukan sandar firam da ta nufi tayar baya. A kekunan da aka yi wa maƙalin masauyi a jikin firam, sau da yawa ramin ba ya sauka har ya kai ga faranti 46. Akwai ɗan ƙarfen da ake sayarwa domin sauko da shi, ka neme shi.

Kada kuma ka ruɗu da tsawon masauyin faranti uku. An tsara ɓarinsa na ciki ne domin ya ɗauko sarƙa daga faranti na tsakiya, wanda bai yi nisa da babba ba. A tazarar 16, kumburin ɓarin ba ya samun sarƙa a inda ya kamata.

Domin maɗaurin masauyi ya dace, ka auna kaurin sandar da sirdi ke shiga: milimita 28.6, 31.8 ko 34.9. Kada ka cika gibi da yankakken gwangwani ko tsohon tif, masauyin zai juya ranar da ka fi bukatarsa. Ka duba ko wayar giya daga ƙasa take ja ko daga sama.

Ga inda masu harhaɗa kayan gwanjo ke asarar kuɗi. Hannun giyar keken tsere da na keken dutse, a wajen Shimano, ba tsawon waya ɗaya suke ja a gaba ba, saboda haka kada ka gauraya su. Farantan GRX ma an turo su waje da milimita 2.5 domin faffaɗar taya, masauyin keken tsere zai yi ta miƙa bai kai ba. In dole sai ka gauraya, sa hannun giya irin na da, wanda ba ya ƙas-ƙas, kai ne ke tsayar da keji inda kake so. Wannan hannun yana tafiya da kusan kowane masauyi, kuma ni ina ganin ya fi dacewa da duk wanda ke nesa da shagon kayan gyara.

Wajen ɗaurawa, kada ka fara da sukurori. Tsayi tukuna: ɓarin keji na waje ya tsaya milimita 1 zuwa 3 a saman haƙoran babban faranti. Zura makullin alan mai milimita 2 a tsakani, ka juya feda a hankali, domin haƙoran ba tsawonsu ɗaya ba. Ka auna da mafi tsawo. Sannan ka leƙo daga sama ka tabbata ɓarin ya yi layi ɗaya da farantin. In waɗannan biyu ba su daidaita ba, duk abin da ka yi bayansu aikin banza ne.

Daga nan sai sukurun L, mai tsayar da keji ta ciki, waya a sake, sarƙa a ƙaramin faranti da babbar giyar baya. Matso da ɓarin ciki har ya kusa taɓa sarƙa, ratar kada ta wuce rabin milimita. Ɗaure waya. Koma babban faranti da ƙaramar giyar baya ka daidaita sukurun H, mai tsayar da keji ta waje, haka nan da ɓarin waje. Rubu'in juyi kowane karo, ka gwada, sannan ka ƙara. Idan sarƙa tana jinkirin hawa babban faranti, fara zargin waya ta yi sako-sako. Kada ka kwance H don ka rufe laifin waya, za ka jefa sarƙa kan feda. Kada ka taɓa lanƙwasa keji da filaya.

Kada ka manta da masauyin baya, shi ke kwashe rarar sarƙa. Faranti 46 da 30 a gaba, giyoyi 11 zuwa 34 a baya: tazarar gaba 16 a tara da ta baya 23, ya zama 39. Masauyin baya mai guntun hannu ba zai ɗauki wannan ba.

Ka sa ɗan ƙarfen tare sarƙa a gefen ƙaramin faranti, araha ne kuma yana ceton firam. Ka sassauta ƙafa lokacin sauyawa, ka sauka ƙaramin faranti kafin tudu ya kama ka. Daga 46 zuwa 30 nauyin feda yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka ka sauko giya biyu ko uku a baya, in ba haka ba ƙafa ta yi ta juyawa a wofi. Lokacin hunturu ƙura tana cika bututun waya da gaɓoɓin masauyi. Goge su, ɗiga mai mara kauri, ka rabu da baƙin man inji.

Kada ka yarda da gyaran da aka gwada keke a rataye kawai. Firam yana ɗan lanƙwasa idan nauyinka ya hau, gugar da ba ka ji a shago ba sai ta fito. Hau shi a gaban mai gyaran, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya a kan ɗan tudu, kafin ka biya kuɗin aiki.