Allurar Rigakafi: Kada Ka Ɓoye Shakkarka

Ya kai maigida, idan ranar allura ta zo ka hana a kai yaronka, lalle akwai dalili a zuciyarka. To, malamin asibiti bai san gaibu ba. Abin da yake gani kurum shi ne sunan yaro a littafi, yaro kuwa bai zo ba. In ka zo ka faɗi dalilinka, ya sami abin kamawa, ku tattauna. In kuwa ka sa aka ɓoye yara a bayan rumbu, aka ce wa masu allura ba kowa a gidan, ba shi da hanyar taimakonka.

Wani yakan ce an yi wa ɗansa, ya kwana da zazzaɓi, cinya ta kumbura. Gaskiya ne, haka kan faru, musamman bayan allurar mako 6 da 10 da 14, wadda ke tsare yaro daga mashaƙo da tarin shiƙa da wasu cututtuka. Jiki ne ke koyon faɗa da cutar, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yakan wuce. Uwa ta yawaita ba shi nono, a rage masa tufafi, kada a shafa wa wurin toka ko man zafi. In zazzaɓin ya ƙi sauka, ko yaro ya yi jijjiga, a kawo shi maza. Ta kafaɗa kuwa, watau ta tarin fuka da akan yi wa jariri, takan fid da ɗan ƙurji bayan makonni, ya warke ya bar tabo. Kada a matse shi.

Maganar da ta fi nauyi ita ce wai allura tana hana haihuwa. Mutane ba sa son faɗinta a gabanmu, sai a gindin bishiya, ita ce kuwa ta fi kamata a kawo mana. Wannan tsoro yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, wani kamfanin ƙasar waje ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, waɗansu suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a. Amma ka lura, wancan maganin gwaji ne aka ba marasa lafiya, ba allurar rigakafi ba ce.

A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da waɗansu jihohi saboda wannan zance, ba a koma ba a Kano sai a watan Yuli na 2004. Cutar ta sami sarari, ta shanye ƙafafun yara a nan gida, ta ƙetara har Sudan da Yaman da Indunusiya. Da aka dage da ɗigon, sai ga shi a 2016 aka ga na ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama a Nijeriya, a Borno. Har wa yau akwai wani irinta da ke yawo inda ba a yi wa yara rigakafi sosai ba, shi ya sa ba a daina ba. Kai ma duba ƙauyenku. 'Yan matan da aka ɗiga wa magani shekara ashirin da suka wuce, ba su ne ke goyo yanzu ba?

Ka kuma tambayi tsofaffinku labarin agana, da yadda akan gudu daji in masu lamba sun zo. Lambar nan ce ta kawar da agana, har a 1980 aka shelanta ta ƙare a duniya.

Saboda haka in za a kawo yaro, a zo da katinsa. Ka tambayi malamin asibiti sunan allurar, da cutar da take tsarewa, da ranar komowa. Hakkinka ne, aikinsa ne kuma ya amsa ba tare da tsawa ba. In uwargida tana jin nauyin tambaya, ta aiko ungozoma, ko kai ka rako ta. Ƙaramar mura ba ta hana allura. Yaron da ya tsallake wata, ba sai an koma farko ba, daga inda aka tsaya za a ci gaba. Kada kuma a manta da ta ƙyanda, ana yinta a wata 9, a maimaita a wata 15.