Matashin Lauya A Garinsu: Yaya Zai Riƙe Aiki Bai Yanke Zumunci Ba?

Wani matashin lauya ɗan Musawa ya rubuto mini. Ya gama makarantar lauyoyi ta Bagauda, yana aiki a Funtua, amma duk ranar da ya je gida sai zaure ya cika. Wannan an kama masa ɗa, wancan rigimar iyakar gona, baffansa kuma so yake ya tsaya masa a shari'ar gado da 'yan'uwansa. Ba mai biya, mai ɗakinsa ta fara ƙorafi.

Barista, matsalarka ba yawan jama'a ba ce, rashin ƙa'ida ce. Garin da 'yarsa lauya, Hannatu Musawa, ta zama minista a 2023, kada ka yi mamaki in an ɗauka kai ma kana da hanya har Abuja. Kai ne za ka nuna wa mutane iyakarka.

Fara da maganar baffa: kada ka karɓa. Ƙa'idojin aikin lauya sun hana ka riƙe shari'ar da kake da wata maslaha a cikinta wadda za ta iya karkatar da kai, kuma a gadon gidanku kowane ɓangare naka ne. Wataƙila ma gwaggonka da ke ɗaya ɓangaren ta riga ta faɗa maka sirrinta a matsayin ɗa. In ka yi nasara a kanta, shari'a za ta ƙare, gaba kuwa 'ya'yanku za su gada. Ka ce wa baffa: ni ɗanku ne duka, zan zauna a sulhu tare da malamin da ya san rabon gado. In sulhu ya ƙi, kotun shari'ar Musulunci na nan, ka haɗa shi da wani abokin aikinka a Malumfashi ko Funtua.

Batun gona kuwa, nan ne garinku ya fi buƙatarka. Galibin rigimar daga rashin rubutu take tasowa: an yi aro ko jingina da baki, shaidu sun rasu, magada sun ce saye ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara. Kafin damina ta faɗi, ka nemi dagatai da limamai su tara maka manoma, ka koya musu rubuta yarjejeniya mai ɗauke da iyakoki huɗu, kuɗi, wa'adi da sa hannun shaidu. Zama ɗaya irin wannan zai kashe ƙararraki da dama tun ba a shigar ba.

Aikin kyauta ka ware masa rana guda a wata, kowa ya sani. Ka fifita wanda aka tsare. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu kusa, beli a wurin 'yan sanda kuma kyauta ne. Wanda ba shi da hali, ka tura shi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976 domin irinsa.

Mai hali ya biya, ko ɗan'uwa ne. Manomi ba ya da kuɗi sai kaka, to ku rubuta cewa zai biya in ya sayar da masara ko auduga. Kuɗin da aka ba ka amana ka buɗe musu asusu daban, ka yanke rasit. Kuskure a nan na iya raba lauya da rigarsa.

A gida kuma, kada sirrin mai ƙara ya shiga hirar dare, domin a ƙaramin gari magana ba ta kwana. Ka sanya lokacin tashi daga zaure, ka faɗa wa mai ɗakinka, ka cika. Za a ce ka fara girman kai. Ka daure, ka ci gaba da zuwa jana'iza da suna da ɗaurin aure, ƙorafin zai lafa da kansa in aka ga ƙa'idar ba ta bar kowa ba, har baffa.