Gatarin Kurege: A San Shi Tun Daga Ganye

Daga Yuli zuwa Satumba, wanda ya ratsa dazukan kudancin Kano, Kaduna ko Bauchi zai iya cin karo da wani fure da sai ya tsaya ya sake kallo. Ɓangarorinsa shida ne, sun lanƙwashe baya suna duban sama, gefensu a tattare, gindi rawaya, ƙarshe ja wur kamar harshen wuta. Gatarin kurege ke nan, wasu su ce baurere, masana tsirrai kuma Gloriosa superba. Shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe.

Aikina tantance tsirran daji ne, kuma abin da nake nanata wa ɗalibai da masu haƙar magani shi ne kada su tsaya ga furen. 'Yan makonni yake yi ya zube. Ganyen za a duba: dogo ne mai santsi, kusan manne da kara, bakinsa ya sirance ya naɗe, da shi tsiron ke kama ciyawa da rassa yana hawa. Tsirrai masu yaɗo da yawa suna fitar da zaren kamu dabam, shi kuwa ganyen ne da kansa ke kamawa. Wanda ya riƙe wannan alamar zai gane shi ko babu fure.

Damuwata tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar mai ƙafa biyu ce, a karkace, cikinta fari, kuma da rani karan ya bushe ita kaɗai ke saura. Yaro ko baƙon daji zai iya ɗaukarta rizga ko ƙaramar doya. A Sirilanka da Indiya an sha rasa rayuka ta wannan hanya. Tana ɗauke da kolcisin, sinadarin da likitoci ke bayarwa a awo ƙanƙani don wani nau'in ciwon gaɓoɓi, amma a saiwa babu mai iya auna shi, dafuwa kuma ba ta kashe shi. Ƙwayar irin ma dafi ce.

Sa'o'i kaɗan bayan ci, baki da maƙogwaro su ɗau zafi, amai da gudawa su biyo baya. Ko sun lafa, kada a saki jiki, domin a kwanakin da ke biye ne dafin ke taɓa ƙoda, zuciya da jini. A garzaya asibiti nan take, a tafi da ragowar saiwar likita ya gani, har da ganyen in an samu.