Motarka na tafasa a gosulo? A ƙyale tamostat, a duba fanka

Daga zafin Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, ƙorafin masu tsofaffin motoci a Kano ɗaya ne. Mota tana tafiya lafiya lau a hanyar Zariya ko ta Wudil, amma da an shiga cunkoson Bata, ko gefen Kantin Kwari da yamma, ko France Road lokacin da 'yan kasuwar Sabon Gari ke tashi, sai allurar zafi ta fara hawa. Maganin da ake ba mai motar a gareji shi ma ɗaya ne: "Alhaji, a cire tamostat kawai, a haɗa fanka dairet. Wannan abin na ƙasar sanyi ne." An maimaita wannan magana har yaron da ya shiga koyon aiki jiya ma yana faɗinta da ƙarfin gwiwa. Ba gaskiya ba ce, kuma ta kashe injina masu yawa.

A tambayi kai abu guda: me ya bambanta mota tana gudu da mota tana tsaye a sulo? Injin da ke sulo zafin da yake haifarwa bai kai na mai gudu ba. Abin da ya ɓace iska ce. Idan mota na tafiya, iskar hanya ce ke ratsa lagireto tana kwashe zafin ruwa. Idan ta tsaya tsakanin adaidaita sahu gaba da baya, a ranar da zafin gari ya haura digiri 40, babu mai jawo iska sai fanka. Saboda haka motar da ke zafi a tsaye kuma ta huce da an samu hanya ta riga ta nuna inda ciwon yake. Tamostat ba ruwansa da iska. Idan ya maƙale a rufe, motar za ta tafasa ko tana tsaye ko tana gudu, a kan babbar hanya ma abin ya fi muni.

Binciken ba ya bukatar na'ura. A tayar da mota a inuwa, a buɗe bonet, a bar ta a sulo har allura ta kai tsakiya, a tsaya a gani ko fanka za ta tashi da kanta. A yawancin motoci irin su Corolla, Civic da Camry, kunna AC ya kamata ya tayar da ita nan take. In ta ƙi, sai a bi layi daga mai arha zuwa mai tsada: fyus, rile, soket ɗin da ya narke, suwic ɗin zafi, sannan motar fankar kanta. Fanka tana iya juyawa amma ba ta aiki, kuma nan ake yawan ruɗuwa. Wadda burushinta ya cinye tana juyawa a sanyaye, idonka zai ce lafiya take. Wata kuma mai wayarin ya juya mata waya, tana tura iska gaba maimakon ta ja ta baya. Ɗan ƙyalle a gaban lagireto zai tona asirin, domin ya kamata iska ta manna shi a jiki. Robar nan da ke kewaye da fanka, wadda ake jefarwa idan ta tsage wai ba ta da amfani, ita ce ke tilasta wa iska ta bi ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Tsofaffin Marsandi da Hilux masu fankar da fambel ke ja, su kulocin fankar ne ke mutuwa. Sai kuma ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da leda da gashin kaza ta like tsakanin kwandensar AC da lagireto, inda mai wankin mota ba ya kaiwa.

Shi tamostat aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi a kai. Yana buɗewa ne a wajajen digiri 82 zuwa 88, gwargwadon mota, kuma da ya buɗe gaba ɗaya ba ya tare komai. A tsakiyar gosulon azahar a buɗe yake wangame, to cire shi me zai ƙara? Akwai ma abin da ya fi haka. A injina da dama, tamostat yana da faranti na biyu a ƙasansa, wanda ke toshe wata gajerar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin injin ba tare da ya je lagireto ba. Idan aka cire shi, wannan hanya ta zauna a buɗe ke nan, wani kaso na ruwan zafi yana zagaye a ciki bai taɓa ganin iska ba. Wato an cire shi don maganin zafi, an ƙaro zafi. Da safe kuma, ko a doguwar tafiya, injin ba ya kai zafinsa, kwamfutar mota tana ɗauka har yanzu sanyi ake, tana ta ƙara fetur. Fulogi ya yi baƙi, fetur ya tsinka baƙin mai, ringi ya cinye da wuri. Tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba asarar da mai Golf 3 ko 406 zai yi wasa da ita ba ce.

Masu cewa na ƙasar sanyi ne su tuna Makka. Duk wanda ya je Umra da bazara ya san zafin can ya fi na Fagge, kuma motocin da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, da shi suke tsayawa a cunkoso. Wani zai ce ai shi ya cire nasa kuma motar ta daina zafi. Mai yiwuwa ne, amma ranar da aka cire shi an zubar da tsohon ruwa, an wanke lagireto, an cika sabo, an haɗa fanka dairet. Abu biyar aka yi, aka ba ɗaya lada. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta jabu: kasuwa cike take da tamostat marar kyau, daga Kofar Ruwa har shagunan Sabon Gari, kuma bakanike yana tsoron ya sa sabo ya maƙale a dawo masa da rigima. Wannan tsoro yana da tushe, amma gwajin na tukunya ne da ruwa. A jefa shi a ruwan da ke kan wuta. Mai kyau zai buɗe kafin ruwan ya tafasa, ya rufe idan ya huce. Bakaniken da ba zai iya wannan ba, lalaci ne ke damunsa.

Haɗa fanka dairet dabara ce ta kai mota gida, ba gyara ba ne. Fankar da aka yi don ta riƙa tashi tana hutawa, an sa ta aiki daga kunna makulli har kashewa. Ba za ta daɗe ba, kuma ranar da za ta mutu ba sallama. Mafi muni shi ne yadda ake haɗin: siririyar waya daga batir, ba fyus, an naɗe da leda, tana gogar ƙarfe kusa da tiyon mai.

Sai ruwa, wanda a nan ma masu mota ba su da bakin zargin kowa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin siraran bututun lagireto, irin wanda ake gani a gindin butar shayi, suna kuma cin fuka-fukan famfon ruwa har ya kasa tura ruwa a sulo. Ruwan kulan ba don ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Murfin lagireto ma ba marfi ne kawai ba. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100, a tudun Kano ma ƙasa da haka kaɗan, amma murfi mai riƙe matsi na wajen bar 1 yana kai shi kusan 120. Idan robar murfin ta tsage, mota za ta amayar da ruwa alhali injin bai wuce ƙa'ida ba. Masu zuba omo, ko ƙwai, ko garin barkono don toshe yoyo kuwa, suna toshe har hanyoyin da ba su yoyo.

Idan allura ta doshi ja a tsakiyar titi, a kashe AC, a kunna hita zuwa ƙarshe in ba a yanke ta ba, a nemi gefen hanya a kashe injin. Hon ɗin 'yan adaidaita sahu ba zai biya kuɗin top silinda ba. Kada a buɗe murfin lagireto. Kada a buɗe shi da tsumma, kada a buɗe shi "a hankali", kada a sa yaron shago ya buɗe. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi zama tururi, kuma da an saki murfin zai yi tsiri ya sami fuska da ƙirji. A jira aƙalla rabin awa, sai an iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ya yi laushi. Haka nan kada a sayo fiya wata mai sanyi a kwarara wa injin. Top silindar yawancin motocin nan alminiyom ne. Zafi kaɗai yana lanƙwasa shi, ruwan sanyi a kan zafi kuwa yana iya tsaga shi.

Wanda motarsa ta riga ta tafasa sau biyu ko uku, ya duba kafin ya kashe kuɗi a fanka. Da safe injin na sanyi, a buɗe murfin a tayar da mota. In kumfa na ta ɓullowa ba tsayawa, ko farin hayaƙi na fita a salansa bayan injin ya ɗumama, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, gasket ya ƙone. A nan dole a sauke top a kai a auna shi ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket, a kuma mayar da tamostat da suwic ɗin fanka wurinsu a aikin guda.